Masaru Ibuka

Masaru Ibuka (an haife shi ranar 11 ga Afrilu, 1908, ya rasu ranar 19 ga Disamba, 1997) injiniyan lantarki ne kuma ɗan kasuwa, ɗan ƙasar Japan. Shi da abokinsa Akio Morita ne suka kafa kamfanin da daga baya duniya ta sani da suna Sony. Ya shugabanci kamfanin daga shekarar 1950 zuwa 1971. A hannunsa kamfanin ya ƙera rikoda mai zare ta farko a Japan, da rediyon taransisto mai shiga aljihu, da talabijin mai launi samfurin Trinitron. Daga wata buƙata tasa ta kansa ne kuma aka samo Walkman a 1979, wato ƙaramar na'urar sauraron kaset da mutum ke ratayawa yana tafiya yana jin kiɗa. Mafi yawan aikin rayuwarsa ya tafi ne a kan matsala guda: yadda za a ƙanƙanta na'urar sauti ta zama abin ɗauka a hannu, ba tare da sautin ya lalace ba.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Ibuka a garin Nikko da ke lardin Tochigi, arewa da birnin Tokyo. Mahaifinsa, Tasuku Ibuka, injiniya ne, kuma zuriyarsu ta samo asali daga mayaƙan samurai na yankin Aizu. Mahaifin ya rasu tun Masaru yana ɗan shekara biyu, don haka kakansa ne ya fara riƙe shi. Da mahaifiyarsa ta sake aure sai ya koma birnin Kobe, inda ya yi makarantar sakandare.

Kobe gari ne na bakin teku mai tashar jiragen ruwa, kuma a can ya kamu da son rediyo. A wancan zamani rediyo sabon abu ne a Japan, domin sai a 1925 aka fara watsa shirye-shirye ga jama'a. Yaro mai son sauraro sai dai ya haɗa akwatinsa da kansa daga wayoyi da bawul, wato kwalaben gilashin nan da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Ibuka yana cikin irin waɗannan yara.

Karatu da aikin farko

Ya shiga Jami'ar Waseda da ke Tokyo, sashen kimiyya da injiniyanci, ya kammala a 1933. Tun yana ɗalibi ya yi suna wajen ƙirƙira. Ya haɗa wata fitilar talla ta niyon da haskenta ke yin kamar yana gudu, wadda ta samo masa lambar yabo a baje kolin duniya na birnin Faris.

Aikinsa na farko a wani kamfani ne da ke wanke fim da ɗora masa sauti, wanda ake kira PCL a taƙaice. A nan ya fara sanin wahalar naɗar murya yadda za ta fito tas. A 1940 ya shiga cikin waɗanda suka kafa wani kamfanin ƙera kayan awo na lantarki, wanda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya koma yi wa sojoji aiki.

A wani kwamitin binciken makamai na lokacin yaƙin ne ya haɗu da Akio Morita, matashin hafsan sojan ruwa wanda ya karanta kimiyyar fizik. Ibuka ya girme shi da shekara 13. Morita ɗan gidan masu kuɗi ne daga yankin Nagoya, mai faran-faran da iya magana. Ibuka kuwa mutum ne wanda idan wani tunani ya shiga kansa ba ya ganin komai sai shi. Wannan bambancin hali ne ya riƙe abotarsu fiye da shekara hamsin: ɗaya yana hango abin da za a ƙera, ɗaya yana neman wanda zai saya.

Kafa kamfani

Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945, Tokyo kuwa duk ta ƙone da ruwan bama-bamai. Makonni kaɗan bayan haka Ibuka ya kama wani ɗaki a hawa na uku na kantin Shirokiya da ke unguwar Nihonbashi, ya buɗe wurin gyaran rediyo da 'yan ma'aikata kaɗan. A lokacin yaƙi hukuma ta sa an cire wa rediyoyin mutane gajeren zango don kada su ji labaran ƙasashen waje. Da yaƙi ya ƙare kowa yana ƙishin labari, sai Ibuka ya haɗa wata 'yar na'ura da ake jona wa rediyo ta dawo masa da gajeren zango. Wasu masu kawo gyara har da shinkafa suke haɗawa a ladan aiki, abin da a wancan lokacin yunwa ya fi kuɗi daraja. Jaridar Asahi ta buga ɗan labarin wannan wuri, Morita ya karanta a garinsu, ya rubuto wa Ibuka takarda, suka sake haɗuwa.

Ranar 7 ga Mayu, 1946 suka yi rajistar kamfanin Tokyo Tsushin Kogyo, da jarin yen 190,000 da ma'aikata kimanin 20. Surukin Ibuka, Tamon Maeda, wanda ya taɓa riƙe ministan ilimi, shi aka sa shugaba na farko. Ibuka ya rubuta takardar manufofin kamfanin da hannunsa. A cikinta ya nuna cewa yana son wurin aiki inda injiniya zai sake ya yi abin da ya iya, kuma kamfanin ya nemi aiki mai wuya wanda manyan kamfanoni ke gudu, maimakon kwaikwayon abin da wasu suka riga suka yi.

Ba duk abin da suka gwada ya yi kyau ba. Tukunyar dafa shinkafa ta lantarki da suka haɗa, wani lokaci ta bar shinkafar da tsatstsama, wani lokaci ta caɓe ta, don haka ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Abin da ya riƙe su shi ne kwangilar kayan aiki da suke yi wa gidan rediyon gwamnati na NHK.

Rikoda mai zare

A ginin NHK ne, a wani ofishi na Amurkawan da ke mulkin Japan a lokacin, Ibuka ya fara ganin rikoda mai naɗar sauti a kan zare. Da ya ji yadda murya ke fitowa daga cikinta, ya yanke shawarar cewa abin da kamfaninsa zai ƙera ke nan. Matsalar ita ce babu wanda ya san yadda ake yin zaren a Japan, kuma babu robar da ake yinsa da ita. Sai suka yi amfani da takarda. Wani matashin injiniya mai suna Nobutoshi Kihara ya riƙa soya wani sinadari a kasko har ya zama garin ƙarfe mai karɓar maganaɗisu, su kwaɓa shi, su shafa a kan dogayen tsirin takarda da buroshi. Sautin farko da suka samu ya fi kama da hayaniya, amma a hankali suka gano cewa gwargwadon laushin garin, gwargwadon kyan sautin. Kamfanin ya kuma sayi haƙƙin amfani da wata dabara ta Farfesa Kenzo Nagai na Jami'ar Tohoku, wadda ake cusa wa zare wani siririn sigina da kunne ba ya ji a lokacin naɗa, abin da ke hana murya shaƙewa.

A 1950 suka fitar da rikodar, samfurin G. Nauyinta kilo 35 ne, kuɗinta yen 160,000, a lokacin da albashin ma'aikaci na wata bai kai ko kusa da kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi ba. Duk wanda aka nuna masa sai ya yaba, amma ba ya saya. Ibuka ya ɗauka cewa abu in yana da kyau zai sayar da kansa, sai ga shi ba haka ba ne. Kotun Ƙoli ta Japan ce ta fara ceto su, ta sayi guda 20 saboda ƙarancin masu rubuta bayanan shari'a. Shekara guda bayan haka suka fitar da ƙarama mai sauƙin kuɗi, wadda makarantu suka riƙa saye don koyar da harshe.

Wani ɗalibin waƙa a jami'ar fasaha ta Tokyo, Norio Ohga, ya gwada rikodar ya aiko da ƙorafi mai zafi: zaren ba ya gudu daidai, don haka murya tana rawa, mawaƙi ba zai iya dogara da ita ya ji kuskurensa ba. Ibuka bai ji haushi ba. Ya jawo shi jiki ya mai da shi mai ba kamfanin shawara, daga baya ya zama ma'aikaci, har a 1982 ya zama shugaban Sony. Wannan jawo mawaƙi cikin injiniyoyi yana daga cikin shawarwarin Ibuka da suka fi yin tasiri a kan sautin kayan kamfanin.

Taransisto da rediyon aljihu

A 1952 Ibuka ya je Amurka karo na farko don ya ga yadda ake amfani da rikoda a can. Yana can ya ji cewa kamfanin Western Electric zai ba duk mai so izinin ƙera taransisto a kan dala 25,000. Taransisto ɗan ƙaramin abu ne da aka ƙirƙiro a ɗakunan bincike na Bell a ƙarshen 1947. Yana yin aikin bawul, amma ba ya zafi, ba ya fashewa, kuma wutar batir kaɗan ta ishe shi. Ma'aikatar ciniki da masana'antu ta Japan ta daɗe tana jan ƙafa kafin ta yarda a fitar da kuɗin, domin ba ta ga yadda ƙaramin kamfani zai iya abin da manya ba su fara ba.

Su kansu Amurkawan sun ba da shawarar a yi amfani da shi wajen na'urar taimaka wa masu matsalar ji, saboda taransiston wancan lokaci ba ya iya aiki da saurin da igiyoyin rediyo ke buƙata. Ibuka ya nace sai rediyo. Ya tura Kazuo Iwama zuwa Amurka a 1954. Ba a yarda Iwama ya ɗauki hoto ko ya yi rubutu a cikin masana'antun ba, sai dai in ya koma masauki da dare ya zana abin da ya gani ya aiko gida. Da waɗannan wasiƙu injiniyoyin Tokyo suka fara aiki, har suka sauya sinadarin da ake gauraya wa taransiston suka samu mai sauri. A farko, cikin kowane ɗari da suka ƙera biyar ne kawai ke da amfani. Ibuka ya ce a fara haka nan, a gyara a hanya.

Ba su ne suka fara kai rediyon taransisto kasuwa ba. Wani rediyon Amurka mai suna Regency TR-1 ya riga su a ƙarshen 1954. Nasu, TR-55, ya fito a watan Agustan 1955. Wanda ya buɗe masu kasuwar duniya shi ne TR-63 na 1957, wanda tsawonsa bai wuce santimita 11 da 'yan kai ba. An tallata shi a matsayin mai shiga aljihun riga, alhali ya ɗan fi aljihu girma, sai aka ɗinka wa masu tallan riguna masu manyan aljihuna. A watan Janairun 1958 kamfanin ya koma amsa sunan Sony, sunan da aka gina a kan kalmar Latin mai nufin sauti.

Rediyon aljihu ya warware matsalar girma amma ya bar ta sauti. Ƙaramar lasifika ba ta iya tura iska da yawa, don haka ba ta fitar da amo mai kauri irin na ganga ko na babban tambari. Labarai da hira suna fita da kyau, kiɗa kuwa sai ya fito siriri kamar daga cikin gwangwani. Wannan gibin ya zauna fiye da shekara ashirin.

Talabijin

A tsakiyar shekarun 1960 Ibuka ya kusa jefa kamfanin cikin rami. Ya dage a kan wata fasahar talabijin mai launi da ake kira Chromatron, wadda hotonta ke da haske amma ƙera ta ke cin kuɗi fiye da yadda ake sayar da ita. Bayan an yi asara mai yawa, ya tsaya da kansa a kan tawagar injiniyoyin har suka samo wata hanya dabam. Sakamakon shi ne Trinitron na 1968, wanda ya sami kyautar Emmy a Amurka a 1973. A 1971 Ibuka ya bar wa Morita kujerar shugaba ya koma shugaban hukumar daraktoci, a 1976 kuma ya zama shugaban girmamawa.

Kaset da matsalolinsa

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da ƙaramin kaset a 1963. Ohga yana cikin waɗanda suka matsa wa Philips har ya bar kowa ya ƙera shi ba tare da biyan kuɗin izini ba, abin da ya sa kaset ɗin ya zama iri ɗaya a duk duniya. Amma ba don kiɗa aka yi shi ba tun farko, don naɗar magana ne. Faɗin zarensa milimita 3.81 ne kawai, kuma yana tafiya a hankali, santimita 4.76 a kowace daƙiƙa. Zare siriri mai tafiyar hawainiya ba ya ɗaukar bayani da yawa, don haka ana jin wani shuuu a bayan waƙa, musamman inda kiɗa ya lafa. Idan kuma injin da ke jan zaren ya ɗan yi sauri ko ya ɗan ja baya, sai muryar mawaƙi ta riƙa lanƙwasa.

An yi ta fama da waɗannan ta hanyoyi daban-daban. A 1968 injiniyan Amurka Ray Dolby ya fito da tsarin Dolby B. Dabararsa ita ce, a lokacin naɗa ana ɗaga siraran sautuka marasa ƙarfi, a lokacin sauraro kuma a sauke su daidai gwargwadon yadda aka ɗaga. Da aka sauke su, sai shuuu ɗin zaren ya sauka tare da su. Masu yin zare su ma suka fito da sababbin shafe, na kurom da na tsantsar ƙarfe. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 kaset ya iya ɗaukar kiɗa mai kyau, sai dai na'urar da ke fitar da wannan kyan babba ce, ta ajiye a falo.

Walkman

Ibuka mai son kiɗan gargajiyar Turai ne, kuma yana yawan doguwar tafiya a jirgin sama. Yakan ɗauki wata rikodar Sony ta ƙwararru mai suna TC-D5, wadda ta fito a 1978, tare da babbar lasifikar kunne, wato hedifon. Sautin yana gamsar da shi, nauyin ne ba ya so, domin rikodar kaɗai ta haura kilo ɗaya da rabi. Sai ya tambayi Ohga ko za a iya haɗa masa wani abu ƙarami da zai riƙa kunna kaset da sautin sitiriyo, wato mai raba kiɗa tsakanin kunnen dama da na hagu, ko da ba ya naɗa.

Ohga ya miƙa maganar ga Kozo Ohsone, shugaban sashen rikoda. Mutanensa suka ɗauki Pressman, wata 'yar rikoda da aka yi don 'yan jarida, suka cire mata lasifika da sashen naɗa, suka sa na'urar ƙara sautin sitiriyo a gurbinsu. Babu wata sabuwar fasaha a ciki. Ragi aka yi, kuma ragin ne ya gyara sautin. Da aka cire lasifika, sai buƙatar wuta mai yawa ta tafi, domin abin da ke manne da kunne ɗan ƙarfi kaɗan ya ishe shi. Amon nan mai kauri da ƙaramar lasifika ke kasa turawa cikin ɗaki, a kusa da dodon kunne yana fita sosai. Kowane kunne kuma yana samun rabonsa ba tare da ya gauraya da na ɗayan ba, sai mai sauraro ya ji kamar yana zaune a tsakiyar makaɗa.

Saura hedifon. Waɗanda ake da su a lokacin suna kai giram 300 zuwa 400, sun ma yi kusa da nauyin na'urar kanta. Ibuka, wanda al'adarsa ce yawo daga wannan ɗakin bincike zuwa wancan yana leƙa abin da ake yi, ya san cewa wata tawaga a wani sashe tana aiki a kan hedifon marar nauyi wanda bai kai giram 50 ba. Shi ya haɗa ɓangarorin biyu. Idan za a ware gudummawarsa ta kansa a wannan labari, to ita ce wannan da kuma buƙatar da ya fara kawowa.

Daga nan Morita ya karɓi ragama. Ya gwada na'urar a gida, ya ce matasa za su saya, ya sa ranar fitarwa kafin hutun bazara, ya yanke farashin yen 33,000, daidai da shekara 33 da kafa kamfanin. Da yawa a cikin Sony da dillalai ba su yarda ba, suna ganin babu mai sayen rikodar da ba ta naɗa. Ranar 1 ga Yuli, 1979 aka fara sayar da samfurin TPS-L2, mai launin shuɗi da ruwan azurfa, nauyinsa giram 390, yana aiki da ƙananan batura biyu. Yana da kafar hedifon biyu da wani maɓalli da ke rage kiɗa don mutum biyu su yi magana, saboda Morita yana tsoron kada a ga sauraron kiɗa kai kaɗai a matsayin rashin ladabi. An ƙera 30,000 a zubin farko. A watan farko kimanin 3,000 kawai aka sayar. Ma'aikatan kamfanin suka fita titunan Tokyo suna sa wa masu wucewa hedifon a kunne, domin abu ne da bayani ba ya isar da shi sai an ji. Kafin ƙarshen Agusta kaya sun ƙare.

A waje an fara sayar da shi da wasu sunaye, Soundabout a Amurka, Stowaway a Birtaniya, Freestyle a Suwidin, kafin Morita ya ce a bar Walkman ko'ina.

Akwai saɓani a kan wanda ya cancanci a kira mai ƙirƙirar Walkman. Wasu na ambaton Kihara, wasu Ohsone, wasu Morita. Wani Bajamushe da ya girma a Burazil, Andreas Pavel, ya nemi rajistar irin wannan tunani tun 1977, ya yi shekaru fiye da ashirin yana jayayya da Sony, har kamfanin ya sasanta da shi ya biya shi a farkon shekarun 2000.

Gyare-gyaren da suka biyo baya

Walkman na farko ba shi da Dolby, kuma gyaran sautinsa bai wuce maɓalli ɗaya ba. Na biyu, WM-2 na 1981, ya fi ƙanƙanta kuma yana karɓar zaren ƙarfe. Don kada sauti ya yi rawa idan mutum yana tafiya, akan sa ƙafafun juyi biyu a ciki, ɗaya yana juyawa dama ɗaya hagu, su kashe girgizar juna. A 1982 aka fitar da WM-D6, mai Dolby da agogon ma'adini da ke tsare gudun zare, wanda 'yan jarida da masu naɗar waƙoƙin gargajiya a karkara suka riƙe shekaru da yawa. WM-20 na 1983 girmansa kusan na kwalin kaset ne. A 1984 kuma aka fito da D-50, mai kunna faifan CD, wanda ya kawar da shuuu gaba ɗaya amma ya zo da tasa matsalar, domin da an ɗan girgiza shi sai waƙa ta yi tsalle. An sayar da Walkman mai kaset fiye da miliyan 200 kafin a daina yinsa a Japan a 2010.

A ƙasar Hausa

A shekarar da TR-63 ya fito, 1957, a ita ce Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye, kuma a ita ce masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, kudu da kogin Kaduna. A 1962 aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna. Waɗannan abubuwa sun haɗu wuri guda: ga tashoshi masu magana da Hausa, ga ma'aikata masu albashin wata a unguwanni irin su Kakuri da Makera, ga kuma rediyon da ba ya buƙatar wutar lantarki. Rediyo mai bawul na mai wuta ne a gida. Mai taransisto kuwa ya bi manomi gona, ya bi makiyayi daji, ya zauna a teburin mai shayi. Ba Sony kaɗai ba ne a kasuwar, akwai National da Sharp da Philips da sauransu, amma hanyar da Ibuka ya nace a bi ce duk suka biyo.

Kaset ya zo ya ɗora a kan haka. Waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, da karatun Alƙur'ani, da tafsirin malamai irin su Sheikh Abubakar Gumi, duk sun yaɗu ta wannan hanya. Sai dai abin da ya fi karɓuwa a nan shi ne rediyo mai kaset da lasifika, wanda majalisa guda za ta kewaye ta saurara tare. Walkman ya fi zama kayan ɗalibai da samarin birni. Abin da Morita ya ji tsoro, wato a ga mutum ya toshe kunne a cikin jama'a, a ƙasar da gaisuwa ke da nauyi ba ƙaramin abu ba ne.

Ta fuskar sauti kuma, mai sauraro a Arewa bai cika morar gyare-gyaren injiniyoyin ba. Yawancin kaset da aka riƙa saye a wancan lokaci a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai ta Kano kwafi ne daga kwafi, kuma kowane kwafi yana ƙara shuuu ya rage kaifin murya. Ƙurar hunturu tana taruwa a kan kai mai karanta zare, zafi yana miƙar da zaren, batir in ya yi sanyi sai muryar mawaƙi ta yi kauri tana ja. Mutane suka samo nasu magunguna: goge kan da auduga da sifirit, naɗe zare da biro don a tsimi batir, da ɗan juya sukurun da ke gefen kai har sai murya ta washe. Wannan na ƙarshe gyara ne na gaske, domin idan kan ya karkace ko kaɗan daga layin zaren, siraran sautuka ne ke fara ɓacewa.

Ilimin yara da sauran ayyuka

Tun 1959 Ibuka ya sa kamfanin ya kafa asusun tallafa wa koyar da kimiyya a makarantun firamare. A 1969 ya kafa wata ƙungiya ta nazarin tarbiyyar ƙananan yara, a 1971 kuma ya wallafa littafi da ke cewa shekaru ukun farko su ne mafi muhimmanci a koyon yaro, kuma jiran makarantar reno jinkiri ne. An fassara littafin zuwa harsuna da dama. Masana sun yarda da shi a kan muhimmancin ƙuruciya, amma da yawa suna ganin ya zafafa.

Ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata ta tashi da lalurar ƙwaƙwalwa, abin da ya sa ya damu da samar wa masu buƙata ta musamman aikin yi. A 1978 Sony ya haɗa gwiwa da wata cibiyar nakasassu suka kafa masana'antar Sony Taiyo a lardin Oita. Ya kuma shugabanci hukumar 'yan sikawut ta Japan. A ƙarshen rayuwarsa ya karkata ga maganin gargajiyar Gabashin Asiya da binciken abubuwan da kimiyya ba ta tabbatar ba, har aka buɗe wani ɗakin bincike a kamfanin don haka, wanda aka rufe jim kaɗan bayan rasuwarsa.

Ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta ba shi lambar yabo a 1972, a 1987 kuma ta kafa wata kyauta da sunansa don masu ƙirƙirar kayan lantarki na amfanin gida. Gwamnatin Japan ta ba shi lambar girmamawa ta al'adu a 1992.

Rasuwa

A 1992 Ibuka ya gamu da bugun jini wanda ya bar shi a keken guragu. Shekara guda bayan haka irin wannan ciwo ya kama Morita. Ibuka ya rasu a Tokyo ranar 19 ga Disamba, 1997 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 89. Morita ya bi shi ranar 3 ga Oktoba, 1999.